Tsohon Tela da Babin Ƙarshe

"Lafiya ƙalau, amarya, lafiya ƙalau. Ya girki? Ko har yanzu waya ba ta ba da izini a ɗora tukunya ba?"

Uwar Latsa tana tsaye a ƙofar ɗakin kakanta, ludayi a hannun dama, littafi a hagu, tana huci kamar wadda ta yi tsere. Shi kuwa tsohon yana kishingiɗe a kan katifa, ya karkata hula, ya ɗora ƙafa ɗaya kan ɗaya, sai ka ce shi ya gina gidan.

Kakanta ne na wajen uwa, tsohon tela wanda ido ya ajiye shi. Da aka yi masa aikin ido sai aka kawo shi gidanta jinya, don ita ce kusa da asibiti. Shi ya raɗa mata Uwar Latsa saboda latse-latsen waya, sunan kuma ya bi ta har mijinta kan manta ya kira ta da shi. Ɗakin da aka sauke shi yana can bayan kicin, nesa da hayaniyar titi, shi ya sa kullum bayan la'asar take shiga ta zauna a tabarma, ta danna waya, ta karanta babi ɗaya na littafi da murya, ta tura wa matan guruf ɗinsu. Littafin tsoho ne, a akwatin marigayiya mahaifiyarta ta tsince shi, ba a ma samunsa a kasuwa yanzu. Ta yi wa matan alkawari ba za ta leƙa gaba ba, tare za su ji ƙarshe. Yau ne ranar babin ƙarshe, kuma yau ne ta ɗauki littafin ta tarar babu babin.

"Tsoho, ina babin ƙarshe?"

"Babin me? Ni da likita ya hana ni kallon rana, ina zan ga babi?"

"Jiya a kan tagarka na bar littafin nan da lafiyarsa. Yau na zo na tarar an gutsure masa wutsiya."

"To ki tambayi ɓera."

"Na tambaya. Ya ce ɓeran ɗakin nan mai hula ne, kuma yana shan shayi."

"Kai, kai, kai! Yau na ga ta kaina. Mutum yana zaman zamansa a gidan aurensa a zo a ɗora masa sata. Tsaya ma, wai takardun nan na baya kike nufi?"

"Su nake nufi."

"Au! Ai da su na hura gawayi da safe."

Ludayin ya kusa suɓucewa daga hannunta. Ta juya ta dubi ɗan kurfotin da ke bakin ƙofa, wanda yake dafa shayinsa a kai don wai shayin gas ɗanɗanon gaggawa gare shi. Ga toka nan fara sol, ga butar shayi a gefe. Wannan karon ba fushin wasa ba ne irin na kullum. Littafin uwarta ne, kuma ban da ɗan abin da ke cikin akwatin nan babu abin da ya rage mata na marigayiyar.

"Innalillahi! Ka ƙona? Duk takardun da ke gidan nan, ga kwalin sukari, ga tsofaffin littattafan yara, ba ka ga na ƙonawa ba sai wannan?"

"Ai mutunci na yi miki da na cira ta baya. Komai na duniya bayansa saura ne. Na yi shekaru ina yanka yadi, ban taɓa ganin wanda ya yi kuka a kan ƙyallen da ya rage ba."

"Littafi yadi ne? Allah ya sawwaƙe wa jahilci mai furfura!"

"Amin, ya kuma sawwaƙe wa ilimi mai ƙona tukunya."

"Yaushe na taɓa ƙona maka tukunya? Tunda ka zo gidan nan kumatunka suka ciko. Da aka kawo ka kamar sandar rake aka tsotse, yanzu har wuya ka yi."

"Wuyan yunwa ne, kumburi ne. Gidan da abinci sai waya ta fara ci? Jiya ina zaune da cokali a hannu, kin juya faranti gabas, kin juya shi yamma, kin hau kujera kina ɗaukar hoto, kin sauko kin gyara zaman albasa. Kafin ya iso gabana mai ya daskare a kan miya. Sauran waya nake ci a gidan nan."

"Gaggawar me kake yi? Haƙoran da suka rage maka ɗaya na sama ɗaya na ƙasa, ko gaisawa ba sa yi."

"Da su na ci naman sunan uwarki, da su na ci na sunanki, kuma da su zan ci na jikarki."

"Tsoho mai ran ƙarfe! Ka cinye sa'anninka duka, yanzu ka dawo kan littattafai."

"Na sake ki. Tattara kayanki."

"Sakin wannan makon ne ko bashin na makon jiya? In na tafi wa zai kwashe ka? Wace mace ce za ta yarda da angon da sai an ɗiga masa magani a ido kafin ya gane amaryarsa?"

"Layi suke yi. Ma'aikaciyar asibitin nan ma da ƙyar ta sake ni."

"Hawan jininka take aunawa, ba sonka take ba."

Wayar da ke ɗaure a bakin zaninta ta yi ƙara. Ta ciro ta duba, sai fuskarta ta ƙara haɗewa. Yayar mijinta ce ta rubuta a guruf: "Yau dai za mu ga ƙarshe, in an ga dama." Wannan baiwar Allah tun ranar da aka fara karatun take yawo da magana cewa matar ƙaninta ba ta taɓa fara abu ta gama ba. Ta lissafa saƙa, ta lissafa koyon kek, har da 'yar gonar tumatir ta bayan gida ba ta bari ba. Abin haushin shi ne duk gaskiya ta faɗa. Karatun nan ne kaɗai Uwar Latsa ta riƙe tun daga shafin farko ba fashi, ranar zazzaɓi ma da murya a dashe ta yi shi. Ga shi an zo bakin gaɓa tsoho ya kifar mata da kwalekwale. A ƙasan saƙon mata sai turo hoton kunne suke yi, wai sun kasa, suna jira.

"Ka gani? Ka ga abin da ka ja mini? Matar nan yau sai ta zuba ruwa a ƙasa ta sha. Me zan ce musu? In ce kakana ya dafa shayi da babin ƙarshe?"

"Ki ce hakan. Kuma ki ƙara da cewa shayin ya yi daɗi."

"Wallahi yau ba ka da abincin rana."

"Dama yaushe na samu? Na rana da yamma yake zuwa, na yamma kuma sai an gama amsa wa masu yabo."

"Ba wasa nake yi ba, Tsoho! Mata sun yi makonni suna bin labarin nan. Akwai mai jego da ta ce da shi take samun barci. Akwai wadda take saurare a wurin aiki a ɓoye. Jiya aka tsaya daidai inda aka ƙwanƙwasa wa ungozomar labarin ƙofa, kowa na son ya ji ko ɗanta ne da ya ɓace ya dawo."

"Wannan ai mai sauƙi ne. Ki ƙirƙira musu. Dama littafin ƙarya ne, ƙarya a kan ƙarya ba ta ɓaci. Ce musu mai karanta mitar wuta ne."

"Allah ya shirye ka."

"To akuyar maƙwabta ce take sosa ƙaho a jikin ƙofa."

"Tsoho!"

"Ko ki ce wani kyakkyawan tela ne ya zo neman aurenta, dogo, mai cikakken haƙori."

"Ka ji rashin imani! Matar da ta yi shekaru tana ajiye wa ɗanta abinci a kwano, matar da ta sayar da gidanta don a nemo shi, ita za ka haɗa da akuya?"

"Ba gida ta sayar ba. 'Yan kunnen aurenta ta sayar. Gidan ƙanin mijinta ne ya so ya ƙwace, ta ƙi."

Tsoho ya kama bakinsa, amma bakin alƙalami ya riga ya bushe. Uwar Latsa ta sauke ludayin a hankali, ta ƙura masa ido. Mutumin nan kullum da ta buɗe littafi sai ya juya wa bango fuska ya fara minshari, minshari mai ƙarfi har yana shiga cikin muryar da take naɗa. Matan guruf ma sun sa masa suna, Janareto suke ce masa. Ta sha roƙonsa ya rage, ya ce shi barcinsa ya fi masa tatsuniyar mata.

"Maimaita. Me ta sayar?"

"Ni na sani? Faɗa kawai na yi."

"A wane babi ƙanin mijin ya zo?"

"Ke, ki rabu da ni. A mafarki na gani."

"Biri ya yi kama da mutum. Ashe Janareto kunne gare shi! Duk minsharin nan na ƙarya ne?"

"Minsharina na gado ne, kar ki yi masa ƙazafi."

Ba ta kula shi ba. Ta matsa bakin taga inda haske yake, ta buɗe littafin daga baya, ta duba wurin da kyau. Da farko fushi ne ya rufe mata ido, yanzu ta gani. Ba yaga aka yi ba. An yanke takardun ne a miƙe sambal, tun daga sama har ƙasa, babu ko ɗan karkata. Kuma ba a yanke su daga tushe ba, an bar musu baki kamar faɗin ɗan yatsa a jikin littafin, kowane shafi daidai da ɗan'uwansa. Ita da ta yi yarinta a ƙarƙashin teburin shagonsa tana tsintar ƙyalle, ta san wannan aikin ko a cikin duhu.

"Tsoho."

"Na'am, tsohuwar matata."

"Mai hura wuta fizga yake yi. Wane mai hura wuta ne yake ɗauko almakashi ya yanka a miƙe?"

"Mai tsafta."

"Kuma har ya bar bakin ɗinki?"

"Hannu ne ya saba. Hali zanen dutse."

"Ba a barin bakin ɗinki sai ga abin da za a mayar a haɗa. Kai ka koya mini da bakinka, ranar da na ɓata maka hannun riga ka ja mini kunne. Ramin ƙarya ƙurarre ne. Ina takarduna?"

"Suna cikin toka."

"Cire hularka."

"Hular me? Yau kuma tsiraici za ki yi mini a gidan suruki?"

"Tun safe ake zafi kamar a gasa mutum, kai da ko hula ba ka iya bari a kanka da rana. Kuma tun yaushe kanka ya ƙara tsawo? Hula tana tsaye kamar an kifa turmi."

"Ilimi ne ya taru."

"Cire, ko in cire da ludayin nan."

"Taɓa hular miji? Sai an tara dangi!"

"A tara. In gaya musu an kama tsohon tela dumu-dumu da kayan sata a ka. Rana dubu ta ɓarawo, rana ɗaya ta mai kaya."

Ya dafe hular da hannu biyu, takarda ta yi ƙaras a ciki. Duk su biyun suka ji. Ya yi tsaki, ya ciro hular, ya zaro takardun a naɗe da zare baƙi, ɗauri mai kyau irin na wanda ya san abin da yake yi. Bai miƙa mata ba, ya ɗora su a cinyarsa ya dafe.

Ganin takardun bai huce mata rai ba, ƙara tunzura ta ya yi.

"Don Allah me na yi maka? Ka ga hankalina ya tashi, ka ga na kusa kuka, kana kwance kana yi mini zancen akuya. Ka san na waye littafin nan. 'Yarka ce, ba 'yar wani ba. Wannan ba wasa ba ne, mugunta ce."

Tsohon ya ajiye hular a gefe. Ya shafa kansa, ya dubi bango. Da ya buɗe baki, shi ma a fusace yake.

"Shekaranjiya me kika ce wa mijinki a kicin? Kin ɗauka bango ba ya ji? Kika ce in kin gama wannan kin huta, karatu yana cinye miki lokaci, hoton girki ya fi kawo jama'a. Ƙarya na yi?"

Ta sunkuyar da kai, ya ci gaba.

"Ni a ɗakin nan wa nake gani? Da safe a turo mini shayi, a ɗiga mini magani ana kallon waya, har ranar nan a hanci kika ɗiga mini. Yara su tafi makaranta, mijinki ya tafi aiki. In yi ta sauraron ƙarar cokali daga kicin. Sai bayan la'asar kaɗai kike shigowa ki zauna, ki buɗe baki ki yi magana kamar mutum. To in babin ya ƙare fa? Sai in koma kallon silin da idon da ba ya gani."

"Ai da sai ka faɗa."

"In faɗa ki samu abin yi mini gori har kabari? Kuma muryar ma ba taki ba ce, aro kika yi. Haka uwarki take karatu a shago ina taka keke, har inda take jan numfashi nan kike ja. Ki tambaye ni dalilin juya fuska bango."

Uwar Latsa ta nemi fushinta ta rasa inda ta ajiye shi. Kunya ta kama ta, tausayi ya kama ta, ga kuma ragowar haushi, don dai sata sata ce. Ta buɗe baki za ta yi magana, sai ta ga tsohon ya ɗaga hanci yana shinshina iska, fuskarsa tana washewa a hankali.

"Amarya, wane turare kika sa a kicin?"

"Wayyo shinkafata!"

Ta zuba a guje, ludayi a gaba. Hayaƙi ya riga ya cika kicin, ƙasan tukunya ya yi baƙi ƙirin, ƙauri ya kama har labule. Tana kwashe ta sama tana juyewa a wata tukunya, tana jiyo shi daga ɗaki yana dariya har da tari.

"A ɗauki hoto! A tura wa jama'a! Yau dai ni zan riga waya ci!"

"Ƙanzon ne rabonka, kuma da haƙoran nan naka za ka ci shi!"

Da ta gama ceton abin da ya cetu, ta yanka albasa ta jefa a kai don ta tsotse ƙaurin, ta rufe wa yara nasu, sannan ta dawo ɗakin da faranti. Ta tarar ya buɗe 'yar jakar ɗinkinsa da ba ya rabuwa da ita. Ya jera takardun a jikin bakin da ya bari, sun zauna cif kamar ba a taɓa raba su ba. Allura tana hannunsa na hagu, zare a dama, yana ta kai zaren yana wucewa ta gefe. Ya lasa, ya sake kaiwa, ya sake kuskurewa. Mutumin da a da yake zura zare yana hira ba ya ko dubawa.

Ta ajiye farantin, ta zauna a tabarma, ta karɓi allurar. Ta zura ta miƙa masa.

"Allurar zamani ce, ba a yi mata ƙofa ba," in ji shi.

"Na gani."

Ya fara ɗinki da lalube, yatsunsa suna bin gefen takarda, ɗinki ƙanana a jere. Ita kuma ta riƙe masa littafin.

"Akwai wani a akwatin," ta ce. "Ya ninka wannan kauri. Har bangonsa ya cire."

"Ina ruwana? Ni barci nake yi."

"Gobe zan fara shi. Amma da sharaɗi. Almakashin nan zai koma ɗakina."

"Ki haɗa da reza, don ban yarda da kaina ba." Ya ciji zaren da haƙoran nan da ba sa gaisawa, ya tura mata littafin. "Ungo. Na mayar da ke ɗakinki, wannan ne sadakin."

"Da kayana za ka biya ni sadaki?"

"Ɗinkin fa? Kin san nawa nake karɓa a da?"

Bayan la'asar ta gyara zama, ta danna waya, ta yi wa mata sallama, ta buɗe babin ƙarshe. Tsoho bai juya wa bango fuska ba. Ya zauna daram, hula a gwiwa, ya karkato kunne. Ta karanta har ungozoma ta tashi, ta ɗauki fitila, ta zare sakata. Ta karanta har layin ƙarshe, sannan ta tura.

Saƙon farko da ya shigo na yayar mijinta ne. Ba ta ce sannu ba, ba ta ce an gama ba. Uwar Latsa ta karanta shi da ƙarfi: "Yau ina Janareto? Ko ya lalace ne?"

Ta ɗago ta dubi kakanta. Yana goge ido da bakin hula, har gemunsa ya jiƙe.

"Me zan ce mata?"

"Ce mata mai ne ya ƙare," ya ce yana jan hanci. "Wannan kuma da kike kallo maganin likita ne yake zuba."

"A ido ɗaya na ɗiga maka, Tsoho."

Ya fashe da dariya, ya jawo farantin gabansa.

"To ɗayan kara ya yi wa ɗan'uwansa. Miƙo ƙanzon nan, kin ci ni yau."